Kunnuwan Kifi da Kajin Iya Risikatu

A shekara ta dubu biyu, gidanmu da ke Agege ya yi wa ilimin kimiyya sadaukarwar da har yau ba a ga irinta a unguwar ba. Kaji bakwai ne, kuma mu muka cinye su.

Gidan haya ne mai ɗakuna jere suna kallon juna, mallakar Iya Risikatu, dattijuwar Bayarabiya da ke suyar kifi a bakin ƙofa. Hausa ras a bakinta, sai fa in ranta ya ɓaci. A ɗaki na uku daga hagu Harisu Mai Albasa yake zaune da matarsa Dije. Dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, kuma ban taɓa jin an ba da labarin wani abu a gabansa ba face shi ma ya taɓa yin irinsa, har ya zarce. In ka ce ka ga kada, shi ya taɓa hawa. In ka ce ka shiga jirgin sama, shi ne wanda ya nuna wa matuƙin hanyar Jidda.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, zaɓe ya kama gari kamar mura. Masu okada, wato 'yan acaɓa, sun yi nasu, masu yankan farce sun yi nasu, har masu tura baro sun naɗa jami'in hulɗa da jama'a. Ƙungiyar 'yan albasa ma ta sa ranarta, Harisu ya fito takarar shugaba. Yana da babbar riga, yana da murya. Abu ɗaya ya rasa: wani aiki da zai nuna ya ce ga abin da na taɓa yi wa jama'a.

Sai Allah ya kawo masa Firdausi.

Firdausi 'yar yayansa ce, tana shekarar ƙarshe a wata jami'a nan Legas, tana karatun duwatsu da ƙasa. A ranin da ya wuce ta koma ƙauyensu can wajen Sakkwato, ta yi mako uku cikin wani ramin da ake ɗiban yumɓu, tana tankaɗe laka da rariya, 'yan ƙauye suna leƙowa suna yi wa ubanta jaje. Abin da ta samu a ƙarshe 'yan duwatsu ne guda talatin da ɗaya, babbansu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta jera su cikin auduga a ɗan baƙin kwanon roba na fim ɗin kyamara, sannan a gaggawar kama mota ta manta shi a kan tagar ɗakin ubanta. Da ta aika saƙo a kawo mata, mutum na farko da zai gangaro kudu shi ne Harisu, a saman tirelar albasa.

Ranar Talata ya iso. Da la'asar Firdausi ta zo karɓa, ta same shi a majalisar ƙofar gida ya riƙe kwanon sama kamar mai ɗaga kofin ƙwallo.

"Sannu da hanya, Baffa. Allah ya saka da alheri," ta ce, ta miƙa hannu biyu.

"Tsaya tukuna. Faɗa wa mutanen nan abin da baffanki ya ɗauko."

Ta yi bayani a taƙaice. Kowane kifi, in ji ta, yana da 'yan duwatsu a cikin kansa, da su yake ji, da su yake gane sama da ƙasa in yana iyo. In ya mutu nama ya ruɓe, ƙaya ta narke, su sukan rage. Waɗannan na kifayen da suka rayu ne shekaru miliyoyi da suka wuce, zamanin da wurin da ƙauyensu yake fadama ce mai ɗumi, ruwa ko'ina. Daga siffarsu ake gane irin kifin da irin ruwan da ya zauna. Ranar Litinin za ta ajiye su gaban malamanta ta kare aikinta. In babu su, babu digiri sai baɗi, domin damina ta riga ta cika ramin da ruwa, ba mai sake shiga sai wani ranin.

"Kun ji ko?" in ji Harisu. "Kifi a garinmu! Kowane ɗaya ya kai tirela."

"Baffa, ba su wuce tsawon yatsa ba."

"Na farko-farkon take nufi," ya ce wa jama'a.

Mu'azu mai shinkafa, wanda shagonsa ke kallon gidanmu, kuma wanda Allah ya halitta musamman don musu da Harisu, ya tofar da goro ya ce, "Kifi kamar tirela, kunne kamar gero? Shi ya sa suka ƙare. Ba su jin hon."

Aka yi dariya. Harisu bai yi ba, domin a daidai lokacin wata dabara ta sauko masa, mun ga saukarta a fuskarsa. Ya miƙe ya gyara riga ya sanar cewa ranar Asabar, a nan ƙofar gida, zai ƙaddamar da Gidan Tarihin Agege. Za a kafa rumfa, za a gayyaci duk 'yan albasa, za a kira malamin Firdausi ya zama babban baƙo. A gaban kowa zai miƙa duwatsun ga ilimi, da hannunsa.

Firdausi ta roƙe shi. Ta ce ko rabi ya ba ta. Ta ce to ya bar ta ta duba su kawai. Ya ce 'yar yau ba ta san yadda ake girmama abu ba. Da ta ga babu yadda za ta yi da ƙanin ubanta a gaban mutane, sai ta ce, "To Baffa, don girman Allah kada a buɗe. Iska ma tana iya kwashe su."

"Ni za ki koya wa riƙon amana? Ni da na taɓa ɗauko ƙwai tire arba'in daga Jos a kan babur, ko ɗaya bai fashe ba?"

Washegari da hantsi ya buɗe.

Ba da mugun nufi ba. Wasu 'yan ƙungiya uku ne suka zo, masu ƙuri'a, suka ce ba za su yarda da kunnen kifi ba sai sun gani. Harisu ya shigo da su tsakar gida, ya zaro faifan Dije daga jikin bango, ya zazzage duwatsun a kai, ya shiga bayani. Yana cikin bayanin yadda kakansa ya taɓa kama irin kifin nan da hannu, sai wani ya leƙo ya ce wata motar haya, danfo, ta ture buhunan albasarsa a bakin titi. Duka huɗun suka fita a guje.

Da ya dawo bayan kamar awa ɗaya, faifai yana rataye a inda ya saba, tas da shi. Tukunyar shinkafa tana tafasa. A ƙasa kuwa, daidai inda ya bar faifan, kajin Iya Risikatu guda takwas suna caccakar ƙasa da himmar ma'aikatan da aka ce oga na zuwa.

Harisu ya dubi faifai, ya dubi tukunya, ya dubi kaji.

"Dije! Kin tsince shinkafa a faifan nan?"

"Na tsince, Maigida. Ai duwatsun da ke ciki yau ma..."

"Shi ke nan. Kada ki ƙara komai. Na gane."

"Amma ai na..."

"Dije, wannan maganar ilimi ce. Ki kula da tukunyarki."

Ya juyo gare mu, mu da muka fito jin ihu, ya warware mana yadda abin ya faru, kamar da idonsa ya gani. Mace ta zuba shinkafa a kan kunnuwan kifi. Mace ta tsince duwatsu ta watsar. Kaza kuwa kowa ya san tana haɗiyar tsakuwa ta ajiye a ƙundu. Saboda haka dukiyar tarihi tana nan lafiya, tana yawo a tsakar gida da ƙafa biyu. Ya ce da ya shiga aikin ɗan sanda da tuni babu ɓarawo a Legas.

Sai da aka je ga mai kajin.

"Kazata?" in ji Iya Risikatu, ta ajiye matsamin kifi. "Oga Harisu, kai ka ba ta abinci ko sau ɗaya da za ka yanka ta?"

"Iya, ba don nama ba ne. Don ilimi ne."

"Ilimi ya je ya sayi tasa a kasuwa."

An daɗe ana ja, daga baya aka daidaita: kowace kaza, kwandon albasa. Saura a gane wadda ta haɗiya, domin ba mai son a yanka marar laifi. A nan ne Harisu ya fito da hikimar da har yau ake ba da labarinta a Agege. Ya ce duwatsun nan na ji ne. Duk kazar da ta haɗiye su, dole jinta ya fi na 'yan uwanta. Ya sa aka tara kajin a lungu ɗaya, ya koma can ƙarshen tsakar gida, ya sa kowa ya yi tsit, sannan ya ɗan girgiza kwalin ashana a bayansa.

Wata farar kaza ta ɗago kai.

"Ita ce!"

Aka yi bisimilla aka yanka. Harisu ya aro gilashin ido ɗaya na mai gyaran agogo, ya maƙala, ya shimfiɗa jarida, ya tsaga ƙundun da reza. Ya samu yashi, da guntun kwalba, da maɓallin riga. Tunda an riga an yanka, ba a yi wasa da halal, Dije ta fige ta soya da albasa, wadda ba a rasa ta a gidan.

"Ta ji ne kawai saboda tana kusa," in ji Harisu. Ya ƙara nisa, ya sake girgiza ashana.

A ƙundun ta biyu aka samu ɗan kunnen zinaren da Iya ta yi wata shida tana zargin kowa a gidan da shi. Ta rungume shi tana kiran sunan Allah da Yarabanci, ta nemi gafarar mu duka ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce wa Harisu ya ci gaba, wataƙila ɗaya ƙafar ma tana ciki.

Da za a yanka ta uku Dije ta sake matsowa. "Maigida, in da za ka saurare ni minti ɗaya..."

"Wuƙa nake so, ba shawara ba."

Ta kawo wuƙa.

Mu'azu ya tsallako titi ya zauna a kan turmi yana kallo, da cinyar kaza a hannu. "Alhaji, ni a ganina ka gwada Iya ma. Tun ɗazu kana girgiza ashanar nan ita ke fara juyowa."

"Ka ci naman mutane ka yi shiru."

"Ai shirun nake, kada in ɗago kai a yanka ni."

Zuwa la'asar ɗin Alhamis kaji bakwai sun tafi. Ɗakin Iya ya cika da albasa har tana kwana da hawaye. Mu kuwa a gidan mun yi ƙiba irin wadda ba mu yi ba ko da Babbar Sallah, kuma ina shaida babu wanda ya yi ƙoƙarin hana binciken. Wanda ya rage shi ne wani tsohon zakara mai ido ɗaya, wanda ko kwano ka jefar a bayansa ba ya waiwaye. Harisu ya buga masa ashana, ya tafa, ya yi masa kiran suna. Zakara ya ci gaba da tonon ƙasa.

"Wannan kurma ne," in ji Harisu. "Ba ruwansa."

Haka zakaran ya tsira, shi kaɗai, saboda bai taɓa sauraron Harisu ba. Mu'azu ya ce darasi ne ga unguwa.

Ranar Juma'a bayan masallaci na ga Harisu a kan bencin Iya, ya yi zuru, karo na farko tun da na san shi. An riga an buga katin gayyata. An karɓi hayar rumfa da kujeru da lasifika. Malamin Firdausi, Farfesa Oyedele, wanda gidansa ke nan Ogba kusa da mu, ya aiko cewa zai zo, domin shi ma bai ga duwatsun ba tukuna, zane kawai ya gani. Iya ta tausaya wa Harisu, ta sa masa kan kifi soyayye, irin na teku da ake kira kuroka. Ya ci ba tare da ya san yana ci ba, sai ji muka yi ƙaras, ya dafe kunci. Ya tofo wani farin dutse mai santsi, girman farcen babban yatsa.

Ya dube shi. Ya tona kan kifin ya zaro na biyu. Muka sake ganin dabara tana saukowa.

"Iya, kawunan nan nawa suka rage?"

Guda goma sha shida ya kwasa. Ya ce kowane kai biyu, talatin da biyu ke nan, har da ribar ɗaya. Gidan ya koma cin kan kifi. Na ce masa a hankali, ko ya lura waɗancan kamar shinkafa suke, waɗannan kuwa kamar gyaɗa mai ɓawo, kuma farare fat?

"Malam, kai da bokonka ba ka san komai a kasuwanci ba. Wa ya taɓa ƙin albasa don ta yi girma? Yarinyar nan ƙanana ta samo saboda ba ta da ido. Ni na inganta mata."

"Shekarun fa?"

"Wannan aikin mai shayi ne."

Ya zuba su a tukunyar ganyen shayi mai kauri, ya tafasa su har sau uku, ya tauna goro ya goga musu, ya shanya a kan kwanon rufi. Da ya sauko da su sun yi ja-ja-baƙi, kamar haƙoran tsohon direba. Ya ce ko wanda ya halicci miliyan ba zai ce ba su kai ba. Kwanon fim ya ƙi ɗaukarsu, sai ya aro farantin tangaran na kayan ɗakin Dije, ya rufe da farin ƙyalle.

Asabar ta yi kyau. An toshe rabin titi da rumfa. 'Yan albasa sun zo cikin manyan riguna, har daga Ojota da Ketu. An ɗaura ƙyalle a ƙofar gida an rubuta Gidan Tarihin Agege, kuma daga wannan rubutu ne Iya ta fara sanin cewa zauren gidanta ne gidan tarihin. Sai da aka ba ta kujera a sahun gaba ta huce. Firdausi ta iso tare da Farfesa, dattijo siriri mai furfura, wanda ya yi bautar ƙasa a Sakkwato, yana Hausa a hankali kamar mai taka ƙwai.

Harisu ya riƙe lasifika minti arba'in. Ya ce shi ne ya nuna wa Firdausi inda za ta tona. Ya ce tun yana yaro yake jin ƙarnin kifi a wurin. Ya ce in an zaɓe shi, albasa ma sai ta shiga tarihi. Ƙudaje kuwa tun daga minti na goma suka fara taruwa a kan farin ƙyallen, wata kyanwa ta zo ta zauna a ƙarƙashin tebur ta ƙura wa farantin ido, kamar ita ma an ba ta kati.

Ya yaye ƙyalle. Aka yi tafi.

Firdausi ba ta tafa ba. Ta miƙe tsaye a hankali, ta dubi farantin, ta dubi baffanta.

Farfesa ya sa tabarau, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi. Ya kai shi hanci. Ya ɗan kankare da farce, farin ya fito.

"Faɗa musu, Farfesa!" in ji Harisu, ya kafa masa lasifika a baki. "Shekara nawa? Kada ka rage ko ɗaya!"

"Wannan kifi," in ji Farfesa, murya tana fita har bakin titi, "ya yi kamar shekara uku a duniya."

"Miliyan uku yake nufi!"

"Uku. Kuma a cikin makon nan ya bar ta. Kifin teku ne, bai taɓa ganin Sakkwato ba. An soya shi da barkono da citta." Ya sake shinshinawa. "Daga baya ya sha shayi."

"Ranar Alhamis aka kawo su daga bakin ruwa," in ji Iya daga kujerarta, don kada a ɓata mata suna. "Ni ba na sayar da kifin da ya kwana uku. Oga Farfesa, ka faɗa musu sabo ne."

"Sabo ne, Mama."

Rumfa ta ɗauki dariya har kujeru suna faɗuwa. Kyanwa ta ga hankali ya rabu, ta hau tebur ta lashi tarihi. Harisu yana ta cewa a saurara, akwai bayani, lasifika tana ƙara masa kuka.

"Baffa," in ji Firdausi, kuma duk da hayaniyar an ji ta. "Ina nawa?"

Nan dariya ta fara mutuwa. Harisu ya soma ba da labarin faifai da kaji, yana yi yana rage murya, har ya kai ga ƙundu na bakwai. Firdausi ta koma ta zauna. Ba ta yi ihu ba, ta dai ja mayafi ta rufe fuska, tana kuka. Mako uku a cikin rami, da shekara guda da za ta sake jira. Mu da muka ci kajin muka sunkuyar da kai, kowa yana jin nasa kason a ciki.

Sai ga Dije ta fito daga zaure, da gwangwanin madara a hannu ɗaya, faifai a ɗaya.

"Firdausi, share hawayenki, duba nan ki gani ko su ne."

Ta zazzage gwangwanin a faifai. Tsakuwa ce cike da tafin hannu, baƙaƙe da jajaye, a cikinsu kuma ga wasu 'yan ƙanana masu ruwan ƙasa, masu siffar ƙwayar kankana. Firdausi ta durƙusa a gaban faifan. Ta ɗauki ɗaya a kan yatsa, ta ce, "Inna Dije!" sai kuka ya dawo, amma wani iri.

"Ba kin watsa wa kaji ba?" in ji Harisu.

"Yaushe na taɓa watsa wa kaji? Wata uku ke nan duk dutsen da na tsince a shinkafar Malam Mu'azu a gwangwanin nan nake tarawa. In ya cika in kai masa ya auna ya ba ni shinkafa a madadinsa, tunda a kan sikeli ɗaya ya sayar mini da su. Ranar Laraba ma na kai masa, ya ƙi karɓa."

"Ƙwarai na ƙi!" Mu'azu ya taso, ya fizge lasifika don kowa ya ji gaskiyarsa. "Na ce mata akwai baƙi a ciki. Shekara ashirin ina sayar da shinkafa, na san duwatsuna! Nawa baƙaƙe ne masu kaifi, in ka tauna sai ka ga taurari. Waɗannan lusaran ko haƙorin jariri ba za su fasa ba!"

Ya tsaya. Ya dubi lasifikar da ke hannunsa, ya dubi matan unguwa da suka cika bayan rumfa, duk masu sayen shinkafarsa. Ya ajiye ta a hankali ya koma ya zauna.

"To me ya hana ki faɗa mini?" Harisu ya daka wa Dije tsawa.

"Sau biyu na fara, Maigida. Ka ce maganar ilimi ce."

"Na ukun fa?"

"Kafin na ukun an riga an soya ta biyu. Rabona da kaza tun Sallah." Ta gyara ɗaurin zane. "Da na ji Firdausi ta ce Litinin ne, na ce ai akwai lokaci."

Farfesa ya zaro ɗan hantsaki daga aljihu da gilashin ƙara girma, ya durƙusa shi ma, ya fara ware kunnuwan kifi daga duwatsun Mu'azu. Cikin minti goma ya ware huɗu. Dije ta tsaya tana kallonsa da tausayi irin na wanda ke kallon baƙo yana cin tuwo da cokali.

"Ranka ya daɗe, kawo in rage maka."

Ta karɓi faifan, ta karkata shi, ta buga gefensa sau uku da tafin hannu, ta bi da yatsa ɗaya tsit-tsit-tsit. Kafin Farfesa ya goge tabarau an yi kashi biyu. Firdausi ta ƙirga nata sau biyu. Talatin da ɗaya. Farfesa ya duba ɗaya kashin da gilashi, ɗaya bayan ɗaya, bai sami ko guda da ya ɓata hanya ba. Ya miƙe ya cire hula ya tambayi Dije a ina ta koyi wannan.

"A shagon Malam Mu'azu," ta ce.

Harisu ya lallaɓa ya ɗauki lasifika. "Jama'a, kun ga yadda na tsara abin? Da gangan na kawo na bogi, don in gwada ko Farfesan na gaske ne. To ya ci jarrabawa. A tafa masa!"

Ba wanda ya tafa. A shirun ne tsohon zakaran nan ya fito daga zaure, ya ratsa tsakiyar rumfa, ya wuce ta gaban Harisu bai ko dube shi ba.

Firdausi ta sa duwatsunta a kwanon fim, ta sa kwanon a jaka, ta rungume jakar har cikin motar Farfesa. Ranar Litinin ta kare aikinta, ta fita da sakamako mai kyau. A zaɓen 'yan albasa Harisu ya sami ƙuri'a huɗu. Mu mutanen gidan mun so ƙwarai mu saka masa alherinsa, sai dai ba mu sayar da albasa.

Bayan wata biyu Firdausi ta kawo mana kundin aikinta mai baƙin bango, Harisu ya kira ni in karanta masa shafin godiya a majalisa, da ƙarfi. Ta gode wa Allah, da iyayenta, da Farfesa Oyedele. Ta gode wa Inna Dije wadda ta adana samfuran kuma ta tantance su. Ta gode wa Iya Risikatu da kajinta bakwai.

"Ni fa?" in ji Harisu. "Duba da kyau."

Na duba. Sunansa yana nan, bayan na kajin.